Ba Kowane Ciwon Fata Ne Tushensa Ke Kan Fata Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan wani ciwo da ba a cika taɓo shi a shafukan lafiya ba. Ban ga laifin kowa a kan haka ba, domin ciwo ne da likita zai iya gama aikinsa har ya yi ritaya bai haɗu da shi ba. To amma wanda ya faɗa wa, shi da iyalinsa, ba ruwansu da cewa ba shi da yawa.

Maganar da na zo da ita guda ce. Idan babban mutum ya kamu da ƙurajen da ba sa jin magani, su warke nan su ɓullo can, a daidai wannan lokaci kuma aka ce masa yana da suga alhali da ba shi da shi, ga rama tana cin sa ba dalili, to kada a tsaya a kan fata. A duba cikinsa, musamman fankiriyas. Ni malamar makaranta ce, kimiyya nake koyarwa a sakandaren 'yan mata. Abin da zan faɗa na samo shi ne a gefen gadon mahaifiyata, da bakin likitocin da suka duba ta, da kuma karatun da na duƙufa a kai bayan an gano abin da ke damun ta.

Fankiriyas wata gaɓa ce doguwa a cikin ciki, tsawonta kamar santimita 15, tana kwance a bayan tumbi, can kusa da ƙashin baya. Kanta yana ɓangaren dama, cikin lanƙwasar farkon ƙaramin hanji, inda bututun da ke sauko da ruwan madaciya yake ratsawa. Jelarta kuma tana hagu, tana taɓa saifa. Aiki biyu take yi: tana zuba ruwan narkar da abinci a hanji, tana kuma sakin sinadarai cikin jini, waɗanda suka fi shahara su ne insulin mai saukar da suga da gulukagon mai ɗaga shi. Saboda lungun da take, hannun likita ba ya jin ƙari a jikinta sai ya girma ƙwarai, kuma hoton ciki na yau da kullum da ake yi da na'urar da ake gogawa a kan ciki sau da yawa iskar hanji tana tare masa gani.

Mafi yawan dajin fankiriyas, sama da kashi 90 cikin 100, daga bututunta yake tasowa, kuma shi ne mai saurin nan da ake tsoro. Akwai wani rukuni ƙarami da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke yin sinadaran jini. Wannan yana tafiya a hankali, mutum yakan yi shekaru da shi. Irinsa ne aka gano a jikin Steve Jobs na kamfanin Apple a 2003, ya rayu har 2011. A cikin wannan rukunin akwai wanda ke fitar da gulukagon ba ƙaƙƙautawa, likitoci suna kiran sa gulukagonoma. Ƙiyasin da ake yawan kawowa shi ne mutum ɗaya cikin miliyan 20 a shekara. Idan aka auna da yawan mutanen Najeriya da suka haura miliyan 200, ke nan wajen mutum goma ne a shekara. Mahaifiyata ta shiga cikin goman nan.

Umma tana da shekara hamsin da 'yan kai lokacin da abin ya fara, mace mai ƙiba da kuzari, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a cikin gida. Ciwon ya soma ne a matsematsi da ƙasan mara, wurin da babbar mace ba ta buɗe wa kowa, ko 'yarta. Ta yi watanni tana ɓoyewa, sai dai ta aiki yaro kemis ya ce a ba shi maganin ƙaiƙayi. Abin da ake ba shi shi ne man shafawan nan mai haɗi uku, wanda ake cewa yana maganin komai. Ta shafa, ya lafa kwana biyu, ya dawo da ƙarfinsa. Ko da muka ankara ya sauka cinyoyi da ɗuwawu, ya kama ƙwauri da idon sawu, yana neman kewaye baki. Kowa ya gani da sunan da yake ba shi. Wannan ya ce kirci ne, wancan ya ce makero, wata ta ce borin jini, wata ta rantse sanyi ne ya fito waje. An sha saiwoyi, an yi wanka da ganyaye, an sha ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta iri-iri.

Bari in kwatanta shi yadda na gan shi, don wanda ya taɓa gani ya gane. Yakan fara da tabo mai duhu, ya fi launin jikinta duhu kaɗan, ya ɗan tasa, yana ƙaiƙayi yana zafi tare. Bayan 'yan kwanaki tsakiyarsa ta yi bororo mai siririyar fata, ko zani ya goga sai ya fashe, wurin ya saluɓe yana tsattsafo da ruwa. Sai ya yi ɓawo. Cikin mako ɗaya zuwa biyu tsakiyar ta bushe ta bar baƙin tabo, mu ce alhamdulillahi an samu sauƙi, ashe gefen yana can yana ci gaba. Kamar wutar daji yake, tsakiya ta ƙone ta yi baƙi ta huce, baki-baki kuma wuta tana ci. A jiki ɗaya, a rana ɗaya, za ka ga sabo da mai ruwa da mai ɓawo da tsohon tabo, sun haɗe sun yi zane mai lanƙwashe-lanƙwashe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne asuba. Da dare ruwan ciwon yakan bushe ya manne da zaninta, idan ta motsa sai fatar ta biyo zanin. Sai na ɗora ruwa ya yi ɗumi, in jiƙa tsumma in riƙa dannawa a hankali, ina ɗaga zanin kaɗan-kaɗan, ita kuma ta runtse ido tana salati. Kafin mu gama an idar da salla a masallaci. Wanke ƙafa a alwala ya gagara, har sai da aka tambayo malami ya ce ta yi taimama. Harshenta kuma ya yi ja ya yi sumul, gefen bakinta ya tsattsage. Matar da ba ta cin tuwo sai da yaji a gefe ta koma ko kunun tsamiya ba ta iya kurɓa, sai koko da madara, shi ma sai ya huce. Farcenta ya riƙa karyewa, gashinta ya yi laushi yana zuba.

Ana cikin haka aka auna jininta aka ce suga ya hau. Ba wanda ya yi mamaki, mace ce mai jiki kuma shekaru sun ja. Aka buɗe mata kati a sashen masu suga, aka ba ta ƙwayoyi. Ramar da take yi aka ce ai sugan ne. Jininta ya yi ƙasa, aka rubuta maganin ƙarin jini. Ta daina hira, ta daina fitowa tsakar gida, ta kan zauna tana hawaye ba abin da aka yi mata, aka ce damuwar ciwo ce. Kowace matsala da katinta da layinta da ranarta, kuma kowane wanda ya duba ta ya yi aikinsa daidai a kan abin da aka kawo masa. Ba a dai samu wanda ya tara su wuri ɗaya ba.

A nan ne maganar mutane ta shigo, kuma ina so masu karatu su ji wannan da kyau. Mace ta rame, ga ƙuraje, ga baki ya yi ciwo, sai aka fara raɗe-raɗin ƙanjamau. Masu sayen man gyaɗa suka janye. An yi gwajin, babu. Da wannan ya faɗi sai aka koma sammu, har aka fara nuna yatsa ga wasu 'yan uwa, zumuncin shekaru ya nemi lalacewa. Umma ta fi jin ciwon wannan fiye da ciwon jikinta, kuma ina da yaƙinin yana cikin abin da ya sa ta ƙara ɓuya maimakon ta nemi taimako.

Kusan shekara biyu aka yi a haka. Abin da ya kai mu babban asibiti shi ne ƙafarta ta hagu da ta kumbura dare ɗaya, sharaɓa ta yi tauri tana zafi. Aka ce gudan jini ne ya toshe jijiya, aka kwantar da ita. Likitan da ke zagaye ya ga ƙurajen ya ce a kira likitan fata. Wannan bawan Allah, Allah ya saka masa da alheri, bai fara da rubuta magani ba. Ya ce in kawo duk katunan da muke da su, ya baje su a kan gado, ya riƙa tambaya wanne ya riga wanne. Ya duba harshenta, ya duba farcenta, ya nemi nas mace ta tsaya ya duba inda ciwon ya faro. Sannan ya ce, "Mama, ina zargin wannan ba daga fata yake ba. Za mu duba cikinki." Umma ta ce, "Likita, ai cikina lafiya lau, ko ciwo ba ya yi." Ya ce ya sani, haka irin wannan yake.

An yanki ɗan ƙaramin yanki na fata daga gefen sabon ƙurji aka kai ɗakin gwaji. Wannan yana da muhimmanci, domin idan aka ɗauka daga tsohon wuri ko wurin da aka daɗe ana shafa wa mai, sakamakon yakan fito kamar kirci kawai, shi ya sa wani lokaci sai an maimaita. An yi hoton siti na ciki, wato na na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki, da allurar da ke haska gaɓoɓi, aka ga ƙari a jelar fankiriyas da wasu ƙananan ɗigo a hanta. An ɗebi jini da safe kafin ta ci komai, aka sa a ƙanƙara aka aika wani gari, domin ba kowane ɗakin gwaji ne ke auna gulukagon ba. A mai lafiya ba ya wuce 150 a ma'aunin da suke amfani da shi. Nata ya haura 1,000.

Mai karatu zai tambaya, me ya haɗa ƙari a cikin ciki da saluɓewar fata? Bayanin da likitoci suka fi karkata gare shi shi ne wannan. Aikin gulukagon shi ne ya umarci hanta ta samar da suga idan mutum yana jin yunwa. Idan ya yi yawa dare da rana, hanta ba ta hutawa, sai ta riƙa kwashe sinadaran gina jiki, wato amino asid, daga jini tana mayar da su suga. Ga dalilin hawan suga, ga dalilin rama, domin tsokar mutum ce ake narkarwa. Fata kuwa kullum cikin sabunta kanta take, saman fatarmu yana canzawa kusan kowane wata, don haka tana cikin masu fara jin wannan yunwar. Ƙwayoyin samanta sai su mutu su saluɓe, musamman inda ake gogayya da gumi. Ƙarancin zink da wasu nau'o'in mai da jiki ke buƙata yana ƙara ta'azzara abin. Harshe da leɓe ma haka, su ma masu saurin sabuntawa ne.

Ba sabon ilimi ba ne. Tun 1942 wani likitan fata a Amurka mai suna Becker da abokan aikinsa suka ba da labarin wata mata mai irin wannan ƙurji da ƙari a fankiriyas. A 1966 aka tabbatar da cewa gulukagon irin wannan ƙarin yake fitarwa. A 1973 likita Wilkinson na Ingila ya raɗa wa ƙurjin sunan da ake kiran sa da shi har yau, wanda a takardar asibiti za ka ga an taƙaita shi NME. Mafi yawan masu wannan ƙari, wajen bakwai cikin goma ko fiye, suna yin ƙurjin, kuma sau da yawa shi ne abin da ke fara bayyana. Ɗaliban likitanci suna haddace alamomin a matsayin abu huɗu: ciwon fata, suga, gudan jini a jijiya, da ƙuncin zuciya. Umma ta cika huɗun cif. Sai dai ga inda tamu matsalar take: littattafan da aka rubuta wannan bayani a cikinsu suna cewa ƙurjin ja ne, kuma hotunan da ke ciki na farar fata ne. A jikin baƙar fata ba ja ake gani ba, duhu ake gani, ruwan ƙasa mai ratsin shuɗi, sai inda ya saluɓe ne kawai jan ke fitowa. Ma'aikacin lafiyar da ke jiran ganin ja zai wuce shi.

Don a yi adalci, irin wannan ƙurji yana iya zuwa ba tare da ƙari ba, ga mai tsohon ciwon hanta ko wanda hanjinsa ba ya tsotse abinci yadda ya kamata. Akwai kuma ciwon ƙarancin abinci mai gina jiki da ke kama waɗanda masara ce kaɗai cimarsu, wanda shi ma yake ɓata fata da harshe, amma shi ya fi fitowa inda rana ke duka, wuya da bayan hannu, shi kuwa irin na Umma ya fi son inda tufa ke rufewa. Rarrabe su aikin likita ne. Ba ina cewa duk mai kirci ya tafi hoton siti ba, kirci kirci ne a wajen kusan kowa. Haɗuwar alamomin ce abin lura.

Ba wannan kaɗai ne hanyar da fankiriyas ke nuna kanta a fata ba. Akwai wanda likita Chiari ya fara bayyanawa tun 1883: wasu kulluttai masu zafi a ƙarƙashin fata, galibi a ƙwauri da kewayen idon sawu, waɗanda kan yi laushi su fashe su fitar da wani ruwa mai maiƙo, ruwan ƙasa. Mutum zai ɗauka maruru ne, a tsaga a matse a ba da maganin ƙwayar cuta, ba sauƙi. Abin da ke faruwa shi ne sinadarin narkar da kitse da fankiriyas ke yi don hanji, mai suna lifes, ya malalo cikin jini yana narkar da kitsen da ke ƙarƙashin fata. Yana samun kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na masu ciwon fankiriyas, mafi yawa masu kumburinta, amma yana zuwa da wani nau'in daji da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke yin ruwan narkar da abinci, kuma yakan riga sauran alamu da makonni ko watanni. Wani lokaci gaɓoɓi ma su kumbura. Gwajin lifes a jini ba shi da wahalar samu kamar na gulukagon, yawancin manyan asibitoci suna yi. Akwai kuma jijiyar da ke yin tauri da zafi a ƙarƙashin fata, yau a hannu, bayan kwanaki a ƙafa, wadda likitan Faransa Trousseau ya danganta da dajin cikin ciki a 1865, kuma bayan shekara biyu ya ga alamar a jikinsa, dajin tumbi ya yi ajalinsa a 1867.

Wanda ya fi dukkansu yawa, kuma ya fi shafar mu, shi ne shawara da ƙaiƙayi. Idan ƙari yana kan fankiriyas, yakan matse bututun madaciya, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, mutum ya riƙa susa har ya ji wa kansa ciwo, musamman tafin hannu da tafin ƙafa cikin dare. Mun saba ɗaukar shawara ciwon gida, a jiƙa saiwa a sha. Shawarar da ta zo wa dattijo ba zazzaɓi ba ciwon ciki, tana ƙaruwa ba ta raguwa, ba ta jiƙo ba ce. Idan aka sa ɗan bututu aka buɗe hanyar, ƙaiƙayin yakan lafa cikin kwanaki, idan kuma an zo da wuri akan yi babbar tiyatar cire kan fankiriyas, wadda ake kira da sunan likita Whipple.

In koma kan Umma. Ba a yi mata tiyata nan take ba, domin jikin ya yi rauni. An fara da ƙarin ruwa mai amino asid, da ƙwayar zink, da allurar tsinka jini saboda gudan da ke ƙafarta, da wata allura mai suna oktiriyotaid da ke hana ƙarin sakin gulukagon. Abin da na gani a makon farko zuwa na biyu ban taɓa zaton zan gani ba. Sabon ƙurji ya daina fitowa, masu ruwa suka bushe, gefen bakin ya haɗe. Ciwon da ya gagari kowane irin mai na kusan shekara biyu ya ja da baya ba tare da an shafa masa komai ba sai man kare bushewa. Daga baya aka yi tiyata aka cire jelar fankiriyas tare da saifa, saboda jijiyoyin jininsu a haɗe suke. Sugarta ta sauka har aka rage mata ƙwayoyi, jikinta ya fara dawowa, baƙaƙen tabban ne kawai suka daɗe kafin su dushe.

Ba a ce ta warke ɗungurungum ba. Fiye da rabin masu wannan ƙari, ko da za a gano shi ya riga ya taɓa hanta, kuma jinkiri irin namu yana cikin dalilan. Saboda ɗigon da ke hantarta, ana yi mata allurar oktiriyotaid mai dogon zango duk bayan mako huɗu, ana kuma bibiyar ta da hoto. Allurar tana da tsada ƙwarai, 'yan uwa ne ke haɗa kuɗin, kuma sai an ajiye ta a firji, wanda duk mai zama a ƙasar nan ya san abin da hakan ke nufi da yanayin wutarmu. Tana iya kawo tsakuwa a madaciya da bayan gida mai maiƙo. Rashin saifa kuma yana da nasa sharaɗin, wanda a wurinmu ya fi nauyi fiye da Turai: an yi mata alluran rigakafi, ba ta kwana sai cikin gidan sauro, kuma duk zazzaɓin da ya taso asibiti ake nufa a ranar, domin maleriya da wasu ƙwayoyin cuta sun fi yi wa marar saifa mugun kamu. Idan ciwon ya ci gaba akwai wasu magunguna, irin su eberolimus da sunitinib da aka amince da su a Amurka a 2011, da kuma wani magani mai tururin nukiliya da aka amince da shi a can a 2018.

Zaman da na yi a layin masu karɓar maganin daji ya nuna mini wani ɓangaren da ya kamata a sani, wato maganin kansa yana taɓa fata. Na ga wani dattijo da ke shan kafesitabin, tafin hannunsa da na ƙafarsa sun yi baƙi sun tsattsage har ba ya iya riƙe carbi. A jikinmu wannan da duhu yake farawa kafin zafi da saluɓewa, kuma idan aka faɗa da wuri likita yakan rage yawan maganin ko ya dakatar na ɗan lokaci. Jemsitabin yana kawo ƙuraje da kumburin ƙafa mai kama da na ƙwayar cuta alhali ba ita ba ce. Arlotinib yana fesa wa yawancin masu shan sa ƙuraje a fuska da ƙirji masu kama da na balaga, kuma an lura waɗanda suka yi ƙurajen sukan fi amfana da maganin, don haka fitowarsu ba dalilin jefar da shi ba ne. Sunitinib yana sa gashi furfura, eberolimus yana kawo gyambon baki. Abin da ya dame ni shi ne yadda wasu ke ganin haka su ce magani bai karɓe su ba, su daina sha shiru, su koma gida, ba su sake waiwayar asibiti ba. Wasu kuma su je kemis a ƙara musu wani man a kai.

Ga masu kemis, waɗanda su ne asibitin farko na talaka kuma ina girmama hidimarsu, roƙona shi ne idan mutum ya dawo sayen man ƙaiƙayi karo na biyu da na uku, a tambaye shi ko na wane ne, a ce a kai shi a duba. Man nan mai haɗi uku yana ɗauke da sitiroyid, yana kwantar da kowane irin kumburi na ɗan lokaci, yana kuma ɓata kamannin ciwon har likita ya kasa gane shi. Ƙwayoyin sitiroyid da ake haɗa wa mutane kuwa suna ƙara hawan suga. Ga ma'aikatan ƙananan asibitoci da sashen masu suga, idan sabon mai suga yana ramewa fiye da kima duk da sugarsa ba ta yi wani tsananin hawa ba, a tambaye shi ko yana da ciwo a fata, a tambaya a keɓe, mace ta tambayi mace, domin irin su Umma ba za su faɗa da kansu ba. 'Ya'ya kuma, idan za ku kai iyayenku asibiti ku tafi da dukkan katuna da kwalayen magani, ku ɗauki hoton ciwon a waya duk bayan 'yan kwanaki, saboda tafiyar da yake yi ita ce babbar shaida, kuma likita ba ya ganin ta a zama ɗaya.

Kai kuma Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilinka ya zauna da likitan fata da likitan tiyatar ciki a ɗaya daga cikin asibitocin koyarwa na Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, su yi wa jama'a bayani da Hausa, tare da hotunan ciwon a jikin baƙar fata idan marasa lafiya sun amince. A tambaye su inda ake auna gulukagon a ƙasar nan da yadda ƙaramin asibiti zai tura jini can. A kuma tambayi hukumomin inshorar lafiya ko akwai hanyar da allurar wata-wata irin wannan za ta shiga cikin abin da suke biya, domin mutanen da ke buƙatarta ba su da yawa, kuma da ita suke ci gaba da rayuwa a cikin iyalinsu.

Na gode da wannan fili. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wassalam,
Wata malamar makaranta, daga Katsina.